Motar Maigidana Tana Kuka a Harabar Manya

Kai ne ka riƙe mini mota, ranka ya daɗe Shugaban Sashen Motoci. Kai ɗin dai, mai biro uku a aljihun gaba. Kada ka waiga ka dubi mataimakinka, ba da shi nake ba. Yau kwana tara ke nan motar maigidana tana harabar ma'aikatarku, makullinta yana cikin durowarka, mai ita kuma yana zaune a gida ƙafarsa tana sandarewa. Ni na faɗa da bakina, 'yata ta rubuta, na kuma sa ta karanta mini sau biyu don kada ta sirka mini magana da ruwan sanyi. Malamar makaranta ce, ladabi ya yi mata yawa. Inda kuka ga "riƙe" ɗin nan ma, ba ita ce kalmar da na fara faɗa ba.

Masu karatu, ku gyara zama. Ni dai ban taɓa shiga aji ba, wanki da guga ne sana'ata, shekara arba'in. Maigidana kuwa direba ne, shekara talatin da ɗaya yana jan manyan wannan ma'aikata. Ya kai su taro ya jira su a rana, ya kai matansu kasuwa, ya bi musu layin mai tun safe har yamma, su suna ofis cikin iska mai sanyi suna rubuta cewa mai ya wadata. Ranar da ya yi ritaya aka tara jama'a, aka yi jawabi, aka ce an ba shi kyautar motar da ya tsufa a cikinta. Mota ce da ta ga jiya ta ga yau, ƙofar baya sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa. Muka yi godiya, da babu gara ba daɗi.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Harshe ya yi nauyi, magana sai ɗaya-ɗaya kamar ɗigon famfo. Duk ranar Talata 'yata ke tuƙa shi zuwa asibiti, sashen gashin ƙashi, a motsa masa hannu da ƙafa. An ja kujerar gaba can baya an ɗaure don ƙafar ta samu miƙewa. Ba ya iya hawa babur. Motar haya ba ta shigowa lungunmu, in ma ta shigo, mutum huɗu ake cusawa a baya kamar tsumma a buhu. Wannan tsohuwar mota ita ce ƙafarsa. Ya rasa Talata biyu a jere. Likita ta aiko cewa in ya rasa ta uku za a ba wani gurbinsa, abin da ƙafar ta samu a wata shida kuma zai koma inda ya fito. Talatar saura kwana uku.

Laifina zan fara faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Motar tana da ƙararrawar ɓarayi wadda ma'aikata ta sa mata tun tana tasu, da ɗan rimot da ake dannawa ta yi "ƙwit" ta buɗe. Shekara arba'in ina laluba aljihun mutane kafin in jiƙa kayansu. Na tsamo katin asibiti, na tsamo zobe, na tsamo wasiƙar da matar gida ba ta san da ita ba, na mayar wa mai ita bakina a rufe. Ban taɓa jiƙa wa kowa ko takardar magani ba. Sai wandon mijina. Na jiƙa shi, na cuɗe, na murɗe, na shanya, sai a wurin guga na ji ƙarfe ya ci karo da wani abu. Rimot ya sha omo ya sha rana, ya fito tas, amma rai ya yi halinsa.

'Yata ta ce ba komai, ai akwai makulli. Tana sa makulli a ƙofa motar ta ɓarke da ihu. Ban taɓa jin irin wannan kuka ba, kamar an taka wutsiyar kare goma a lokaci ɗaya. Inji kuma ya ƙi tashi. Tun daga ranar, akuya ta goga mata jiki, ta yi kuka. Babbar mota ta wuce a titi, ta yi kuka. Maƙwabciyata, wadda duk layi ke kira Rediyo saboda ba a kashe ta, ta leƙo ta kan katanga.

"Iya, wai motarku naƙuda take yi ne?"

"In ta haihu ke za ki fara sanarwa, ki kwantar da hankalinki."

"Allah ya sauke ta lafiya. Amma jaririna bai yi barcin rana ba tun jiya, ubansa kuma ya ce zai zo da taɓarya."

Na aika aka kira mai gyaran wayoyin mota, wani ƙato mai tumbi da ake ce wa Fiyus. Ya leƙa nan, ya shinshina can, ya girgiza kai. Ya ce kamfanin da ya yi irin wannan rimot ya daɗe da mutuwa. Na ce to ya yanke wayar mu huta. Ya ce, "Iya, wanda ya ɗaura wannan abin ya saƙa wayarsa cikin ta inji kamar kitso. In na yanke, motar ma ta tafi. Hanya ɗaya ce, lambar sirri, guda huɗu. Kin ga 'yar jar fitilar nan kusa da sitiyari? Ƙyaftawa take yi. In lambar farko uku ce, sai ki bari ta ƙyafta sau uku ki murɗa makulli. Haka har huɗu. Ki tambayi Baba."

Na juya wurin maigida, yana zaune a kujerarsa a bakin ƙofa. Na ce, "Baban yara, ka san lambar?" Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Sai ya ɗago hannunsa mai ciwo ya fara miƙa yatsu da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, har huɗu. Na ce, "Madalla! Ka ga aikin likita ko? Saura babban yatsa." Ya ɗago na hagun mai lafiya ya sake yi. Na ce, "A'a, ba wannan hannun aka ce ka riƙa motsawa ba, kada ka yi ha'inci." Ya dube ni, ya dubi sama, ya rufe ido. Na ce ya gaji, a bar shi ya huta. Zuwa da kai ya fi aike, washegari na yafa mayafi na nufi ma'aikata.

A nan na fara ganinka, ranka ya daɗe, bayan na ɗumama bencin ƙofarka awa uku ana ce mini kana taro, alhali ina jin ƙarar cokali. Ba zan ci amanarka ba, ka karɓe ni da fara'a. Da ka ji abin da ya kawo ni har ka gyara zama don alfahari.

"Iya, kin zo wurin da ya dace. Motoci talatin muka sa wa wannan na'ura. Kuma ba mu yi wasa ba. An kafa kwamitin mutum huɗu, aka je taron bita na kwana biyar a otal, aka ba kowace mota lambarta. Sannan don kada mutum ɗaya ya san sirrin ya ci amana, kowane ɗan kwamiti ya riƙe lamba ɗaya tak."

Na ce, "To shi direban da ke tuƙa ta fa?"

Ka ce, "Direba ai tuƙi ne aikinsa."

Kai, Allah ya ƙara basira! Ni jahila ban taɓa tunanin a raba makullin ɗaki gida huɗu ba, ashe abin sai an yi karatu mai zurfi. Ka sa na koma gida 'yata ta rubuto takardar roƙo, na dawo washegari, ka buɗe akwatin ƙarfe, ka duba fayil, ka sa sakatarenka ya toshe kunne, ka raɗa mini lambarka: bakwai. Ni ba na rubutu, amma ina da hanyata. Yadda nake gane kayan mutane a wurin wanki, zare nake ƙullawa a bakin riga. Na ciro zare daga mayafina na yi ƙulli bakwai.

Ta biyu a kwamitin wata ce da ke riƙe da hatimin ma'aikata, ranki ya daɗe Uwar Hatimi, wadda in ba ta buga ba ko ruwan sama ba ya sauka a harabar. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Kin zo da shaidar cewa mijin naki ne?"

"'Ya'ya shida. In kawo su ne, ko ki buga mini hatimin a goshi?"

Ta yi dariya ba ta so ba. Ta zazzage durowa uku, ta tsinci lambarta a bayan wani tsohon katin biki: biyu. Na ƙulla. Ina shirin tashi ta riƙe mini hannu. "Ki lura, lambobin bisa girman muƙami ake jera su. Ta Shugaba farko, tawa ta biyu. In kin je wurin tsohon Mai Sito zai ce miki tasa ce ta biyu. Ƙarya yake, na riga shi samun ƙarin girma da wata uku."

Mai Sito ya yi ritaya, yana kiwon kaji a bayan gari. Mota biyu na hau, na ƙarasa da ƙafa. Na same shi yana zuba dusa. Da na ambaci taron bita sai fuskarsa ta yi haske. Ya tuna laushin katifar otal ɗin, ya tuna ruwan zafi da ke fitowa daga bango, ya tuna sau nawa ake kawo nama a rana, har jakar da aka raba musu ya shiga ɗaki ya ɗauko mini, yanzu maganin kaji yake zubawa a ciki. Lamba kuwa, ya yi ta sosa ƙeya. Can dai aka same ta a rubuce a cikin murfin jakar, jerin motoci talatin, kashin kaza ya rufe rabi. Tamu ta tsira: biyar. Ya raka ni har bakin hanya yana cewa, "Tawa ce ta biyu fa. Waccan matar takardarta ce ta riga fitowa, amma ni aka fara yi wa alkawari."

Na huɗu, Allah ya jiƙansa, ya rasu shekara uku da suka wuce. Lambobinsa suna cikin ambulan a manne, a ofishin Uwar Hatimi. Na ce to a buɗe. Ta ce doka ta ce shi kaɗai ke da izinin buɗewa. Na ce, "To a ba ni kwatancen inda yake in je in roƙe shi." Ta ce kada in kawo raini, za a rubuta wa na sama a nemi shawara. Ranar Talata ce, masu karatu. Lokacin da ya kamata a ce mijina yana kan gadon likita ana lanƙwasa masa gwiwa, ni ina tsaye ina jayayya da ambulan.

Allah ba ya barin bawansa. Akwai wani tsohon masinja, abokin maigida tun suna samari, furfura har gira. Shi aka ba ambulan ɗin ya kai ɗakin fayil. Ya yafuto ni muka tsaya a bakin taga, ya ɗaga shi saitin rana, ya ƙanƙance ido. "Ban buɗe ba, ke shaida ce. Rana ce ta karanta. Takwas. Ki gaida mutumina." Na ƙulla takwas, na sa masa albarka.

Ranar Alhamis da safe Fiyus ya dawo, na shimfiɗa masa zare huɗu a kan bonet kamar mai duba. Rediyo tana kan katanga, yaron goye a baya. Ya shiga ya fara da tsarin Uwar Hatimi: bakwai, biyu, biyar, takwas. Motar ta tsala ihu. Ya jira ta yi shiru, ya gwada tsarin Mai Sito: bakwai, biyar, biyu, takwas. Ta ƙara tsala wanda ya fi na farko, har kajin layi suka watse.

Rediyo ta ce, "Iya, ko mamacin ne babba a cikinsu?"

Fiyus ya share gumi. Ya ce saura gwaji ɗaya, in aka kuskure na uku sai ta kulle kanta kwana guda. Ya ce bari ya duba wani abu. Ya kunna fitilar wayarsa, ya kwanta rabi a waje rabi a ciki, tumbi ya tokare da kujera, yana nishi kamar mai haƙar rijiya. Can sai nishin ya tsaya. Sai kuma motar ta fara girgiza. Na zaci wuta ce ta ja shi, ashe dariya yake yi.

"Iya, zo ki ga ikon Allah. Akwai wani ɗan maɓalli a can ƙarƙashin sitiyari, a lungu. In za a canja lamba dole sai an danna shi. Ga takardar da kamfani ya manna a kansa nan, ko ɓantarewa ba ta yi ba. Ba wanda ya taɓa taɓa shi. Lambar da ta zo da ita daga kamfani, ita ce har yau."

"Wace ce?"

"Wadda kowane ɓarawo ya haddace. Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Ya zauna ya ƙirga ƙyaftawar fitila, ya murɗa, ya murɗa, ya murɗa, ya murɗa. Motar ta ce "ƙwit". Inji ya tashi lafiya lau kamar bai taɓa laifi ba.

Na waiga a hankali. Maigida yana kujerarsa, ya ɗago hannu, yatsu huɗu a miƙe, rabin bakinsa yana dariya har hawaye. Mako guda bawan Allah yana faɗa mini, ni ina yaba masa motsa jiki. Shekara arba'in da biyar da aure, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na je na tsuguna a gabansa na ce, "To ka yi haƙuri, ai ka san ni da gaggawa." Ya tattaro harshensa da ƙyar, kalma-kalma, ya ce, "Ba su... durƙusa... ba."

Daga baya, da alama da hannu da 'yar magana, ya ba mu labarin. Ranar da kwamiti ya dawo daga otal an jera motocin talatin a harabar, an kira mai hoto. Ɗan kwangila ya nuna musu inda maɓallin yake, ya ce sai an durƙusa an cusa kai. Manyan suka dubi ƙasa, suka dubi fararen kayansu, suka dubi juna. Shugaba ba zai durƙusa a gaban na ƙasa da shi ba. Na ƙasa ba zai durƙusa ba kafin a tantance wane ne na ƙasan. A ba direbobi su yi kuma ba zai yiwu ba, sirri ne. Sai aka sa hannu a takarda cewa an canja, aka yi hoto, aka tafa. Maigida ya ce ya yi magana a lokacin, aka ce masa tuƙi ne aikinsa.

Fiyus ya ce gara mu canja yanzu tunda ba rimot, amma hannunsa ba ya shiga lungun, yatsunsa kamar taɓare. 'Yata tana da tsohon ciki, ba ta sunkuyawa. Sai ni. Na ɗaure zani, na ajiye gwiwoyin nan biyu da suka shekara sittin da biyar a kan tsakuwa, na cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ɓantare takardar da farce, na danna, na riƙe har fitila ta tsaya cak, Fiyus yana ba ni umarni daga sama. Na zaɓi lambobina huɗu a zuciyata, na miƙa hannu na murɗa makulli da kaina. Duka aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba. Tashi ne ya fi wuya, sai da Rediyo ta zagayo ta ciro ni ta baya kamar ana cire ɗan akuya daga rami. Abin da mutum huɗu masu digiri suka kwana biyar a otal a kansa, tsohuwa mai wanki ta gama shi kafin shayi ya huce.

Da nan na tsaya, da yanzu ba ku karanta wannan ba. Amma baki shi ke yanka wuya. 'Yata ta ce, "Inna, a bar kaza cikin gashinta." Na ce sam, sai na je na mayar musu da zarensu. Na tilasta mata ta tuƙa ni har harabar ma'aikata, muka ajiye motar a inuwar da ke ƙarƙashin tagarka, ranka ya daɗe, na hau bene da gwiwoyina masu ciwo, na zube maka zare huɗu a kan tebur. Na ce ga lambobinku nan ban ci ko ɗaya ba, kuma motocinku ashirin da tara da ke waje, duk yaron da ya iya ƙirga yatsunsa zai iya tafiya da su.

Na zaci za ka ce an gode. Sai ka cire tabarau, ka goge, ka mayar.

"Iya, kina nufin kin canja lambar tsaro ba da izinin kwamiti ba?"

"Motar mijina ce."

Ka sa aka kawo fayil, ka bi layi da yatsa. "Takarda ta ce an ba shi mota. Ba ta ce an ba shi na'ura ba. Na'urar har yanzu dukiyar ma'aikata ce, kuma kin yi mata kutse. Motar za ta zauna a nan har kwamiti ya zauna ya duba yadda za a raba su."

"Wane kwamitin? Ɗaya yana cikin kaji, ɗaya yana cikin ƙasa!"

"Za a kafa wanda zai cike gurbinsu."

Mai gadi ya karɓi makulli daga hannun 'yata, ita da cikinta, muka dawo gida a motar haya ana matse ta. Maigida ya ga mun shigo a ƙafa, ya juya fuska bango. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na sani, ba sai Rediyo ta faɗa mini ba, ko da yake ta faɗa, sau uku.

Sai dai ana wata ga wata. Ita wannan na'ura, in aka kashe mota aka rufe, da kanta take ɗaura ɗamara. Washegari ka ce a matsar da motar daga inuwarka. Mai gadi ya sa makulli, ta ɓarke. Aka ɗauko fayil aka gwada lambar kwamiti, ta ƙara. Wani mai wayo ya gwada ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya makara. Aka cire batir, ashe tana da nata ɗan batir a ɓoye, don mai tsadar kuka saya. A nan dole in yaba muku, masu karatu ku shaida: a duk abin da ma'aikatar nan ta taɓa saya, wannan ne kaɗai na ji yana aiki bayan shekara goma. An ce yanzu in aka rufe ƙofar ofis da ƙarfi, ta amsa. In motar Shugaba ta shigo, ta yi masa maraba. An ce ranar Laraba manyan baƙi sun zo taro a kan zaman lafiya a wurin aiki, ba wanda ya ji jawabin wani.

Jiya sai ga tsohon masinja a ƙofar gidana, yana ta murza hula. Ya gaisa da abokinsa, suka yi dariyarsu ta tsofaffi, sannan ya juyo.

"Uwargida, aiko ni aka yi. Wai a taimaka da lambar, a rubuce."

"Ka taɓa ganin na yi rubutu?"

"To ki faɗa mini a kunne."

"Kai masinja ne, kai saƙo ne aikinka. Sirri ai sai manya."

Ya kwashe da dariya har yana tari, ya ce wallahi haka zai faɗa. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya ƙara da cewa amsar tana zuwa a jarida.

To ga ta, ranka ya daɗe. Ranar Litinin da hantsi zan zo da 'yata. Ka sauko da makullin da hannunka. Ni zan zauna in ƙirga fitilata, in murɗa, motar ta yi shiru, mu fita da ita ta babbar ƙofa. In na'urarku kuke so, ku biyo mu gida da wanda zai iya warware kitson ba tare da ya kashe mini inji ba, ba na riƙe kayan mutane. Amma kafin in taɓa makullin, a gaban direbobi da masinjoji da mai gadi, sai ka faɗa mana wanda ya fara sa hannu a takardar da ta ce an canja lambar mota talatin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada ka ce mini kwamiti, kwamiti ba shi da gwiwa. Mutum nake so, mai fuska, wanda zai dubi mijina ya gaya masa dalilin da ya sa ya rasa Talata biyu.

In kuwa Litinin ta wuce motar tana nan, to ranar Talata da safe maza huɗu na layinmu sun yi mini alkawari za su ɗauko maigida a kujerarsa, su hau da shi bene, su ajiye shi a tsakiyar ofishinka. Likita ta nuna mini yadda ake yi: a kama diddige, a tallafi gwiwa, a lanƙwasa a miƙe sau ashirin, a huta, a sake. Kai za ka yi masa. Kuma tun yanzu in gaya maka don ka zaɓi wandon da za ka sa, shi ma a durƙushe ake yinsa.